Sarauniyar Baba a Bakin Doki

Asabar, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Na iso gida ɗazu. Motar Minjibir ta sauke ni a bakin titi, ɗan acaɓa ya ƙaraso da ni ta cikin gonaki. Gero ya yi tsayi har ban hangi rufin gidanmu ba sai da muka zo ƙofa.

Inna ta tare ni a zaure, ta karɓi jakata, ta ce a hankali, "Aina'u, kada ki bari ya gani a fuskarki."

Baba yana kan tabarmarsa a gindin darbejiya. Bai rame sosai ba. Ya ce, "An ba ku hutun makaranta ne?" Na ce an ba mu. Ya tambayi mijina Najib, ya tambayi ɗalibaina. Na sha fura. Sai ya sake cewa, "An ba ku hutun makaranta ne?"

Na ce an ba mu, Baba.

Yaya Bunu ya gaya mini abin da likita ya ce ta waya. Ba zan rubuta shi a nan ba. Abin da zan rubuta shi ne ƙarshen maganar: wai a riƙa ba shi abin da zai motsa masa tunani. Yaya ya ce, "Ke kaɗai kika iya wasan nan nasa. Ki je ki zauna da shi."

Lahadi, 11 ga Agusta, kafin magariba

Na sauko da allon ces daga saman kwabar Inna. Baba bai taɓa kiransa ces ba, darar Turawa yake cewa. Ya koye shi yana saurayi, lokacin da yake gyaran injin ban-ruwa a Watari, wajen wani injiniya baƙo da ba shi da abokin hira. Da ya dawo gida noma sai ya taho da allon, ya raɗa wa 'ya'yan wasan sunayen da muke kira har yau: sarki, sarauniya, doki, limami, soro, sojoji. Ni ya koya wa, don Yaya Bunu ba ya iya zama wuri ɗaya.

Mun jera. Hannunsa ya san gidan kowa, na ji daɗi.

Ba mu yi nisa ba ya ɗauki sarauniyarsa ya ajiye ta a bakin dokina. Na tsaya. Duk wanda ya taɓa zama gaban Baba ya san idan ya ba ka abu kyauta, to rami ne ya haƙa. Na duba dama, na duba hagu, na lissafa abin da zai biyo baya. Na daɗe ina neman ramin.

Babu rami.

Na ci sarauniyar. Ya kalli gurbin da take, ya ce, "Af."

Litinin, 12 ga Agusta, bayan la'asar

Na sake ci.

Laraba, 14 ga Agusta, da hantsi

Bari in faɗi gaskiya tunda babu mai karantawa. Ba na son wasa da wanda bai iya ba. Ban taɓa so ba.

Mutum zai dafe kai ya yi ta tunani har shayinka ya huce, sannan ya ɗauki mafi munin abin da ke kan allo ya yi. Idan ka ci, ba ka ci komai ba. Idan ka yi sakaci ya cinye maka soro, gari duk sai ya ji. Kuma ba sa yarda an gama. Sarki ɗaya tilo zai rage masa, ya yi ta yawo da shi lungu-lungu, kana bin sa kamar mai kamun kaza. Abin da ya fi ba ni haushi, hannunka ma lalacewa yake yi. Ka daina dubawa, don ka san babu abin tsoro.

A makaranta ina da 'yan matan da nake koya wa, amma wannan aiki ne, ina yi da fuskar malama. Najib kuwa tun shekarar farko ta aurenmu ya ce shi ya haƙura, ba zai iya da yadda nake buga yatsa a tebur ina jiransa ba.

A duniya mutum ɗaya ne idan na zauna gabansa nake shakkar wasansa. Shi ne jiya ya tambaye ni, "Ni ne fari ko ke?"

Juma'a, 16 ga Agusta, bayan an sauko masallaci

Malam Ɗanliti ya zo, kamar kowace Juma'a tun kafin in yi wayo. Maƙwabcinmu ne na gona, abokin Baba na ƙuruciya. Ya yi shekaru yana wasa da Baba, bai taɓa ci ba ko sau ɗaya, kuma bai taɓa gyaruwa ba. Yana son dawakai. Da an fara zai fito da su biyun a guje, yana yi musu kukan doki da bakinsa, kafin a jima duk an cinye su.

Ya gan ni ya ce, "A'a, 'yar boko ta dawo! Yau dai Madu, na zo da sabon shiri. Yau sarkinka zai kwana a waje."

Baba ya yi dariya. Tun da na zo ban ji ta ba sai yau.

Baba ya ci, amma da ƙyar. Na ga hanyoyi da yawa da ya bari suka wuce, waɗanda a da ko idonsa a rufe yake ganin su. Malam Ɗanliti bai lura ba. Ya tashi yana kaɗe riga yana cewa, "Saura ƙiris! Aina'u, ke shaida ce, saura ƙiris."

Na ce, "Ƙiris ƙwarai, Baba Ɗanliti."

Litinin, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Yau na yi abin da na ɗauka alheri ne. Na tura limamina inda sojan Baba zai ci, na yi kamar ban gani ba, har da ɗan tsaki.

Bai taɓa sojan ba. Ya ɗago ya dube ni, kuma idon nan nasa ne na da, sak.

"Mayar da shi."

Na ce, "Baba, an taɓa an tafi. Dokarka ce."

"Na ce ki mayar da shi. Kina 'yar ƙarama kina kuka a tabarmar nan, na taɓa bar miki wasa?"

Na ce a'a.

"To don me za ki bar mini?"

Ya fara kwashe 'ya'yan wasan ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a gwangwani, ba da fushi ba, a hankali. Ya rufe. Ya ce, "Na san abin da ke faruwa da ni, Aina'u. Ba kullum ba, amma ina sani."

Inna tana tankaɗe a bakin madafa. Rariyar ta tsaya a hannunta.

Talata, 20 ga Agusta, bayan la'asar

Bai ce a kawo allo ba. Ni ma ban ce ba.

Alhamis, 22 ga Agusta, da yamma

Yaya Bunu ya zo da mota da sassafe. Mun je asibiti a Kano, an ɗauki hoton kan Baba. Mun dawo.

Asabar, 24 ga Agusta, da azahar

Ruwa tun safe. Inna ta wanke kayan da ta wanke jiya, ta rasa inda za ta shanya, ta jibge su a kan igiyar ɗaki suna ɗiga.

Yaya ya kira. Yana so a mayar da Baba gidansa a Kano, kusa da asibiti. Na miƙa wa Inna wayar. Ta saurara har ya gama, ta ce, "Bunu, a nan ya san inda ƙofa take. A can wa zai nuna masa?" Ta miƙo mini.

Da ruwan ya tsagaita Baba ya leƙo ya ce, "Ina allon nan ne? Kin ɓoye don kina tsoro?"

Mun yi. Na yi da gaske kamar yadda ya ce. Na ci cikin ɗan lokaci. Ya ce, "Madalla, haka ake yi." Na shiga ɗaki na daɗe ina gyaran gadon da yake a gyare.

Talata, 27 ga Agusta, da hantsi

An same shi. Alhamdu lillahi.

Bayan sallar asuba Baba bai dawo daga masallaci ba. Ba zan iya rubuta yadda safiyar ta kasance ba. Malam Ɗanliti ne ya gan shi can ƙarshen gonar gyaɗa, tsaye cikin raɓa, wandonsa jiƙe har gwiwa. Wai za shi ya buɗe wa manoma ruwa, injiniya yana jira.

Malam Ɗanliti bai yi masa gardama ba. Ya ce masa, "An riga an buɗe, Madu. Ni na buɗe. Zo mu je mu karya." Suka taho riƙe da hannu kamar masu dawowa daga kasuwa.

Ni da na gan shi, faɗa na fara yi. Ban san me ya sa ba.

Laraba, 28 ga Agusta, bayan la'asar

Baba yana daɗewa yanzu kafin ya motsa ɗan wasa. Na kama kaina ina buga yatsa a gefen allo. Na zauna a kan hannun.

Juma'a, 30 ga Agusta, kafin magariba

Malam Ɗanliti ya ci.

Bai ma san ya ci ba. Ya tura sarauniyarsa ne kawai don ta guje wa soro, yana ta ba da labarin tsutsar da ta shiga masa dawa. Ni na gani tun kafin ya sake ta. Sarkin Baba yana lungu, sojojinsa sun toshe masa gaba, babu inda za shi.

Baba ya ɗora yatsa a kan sarkin. Ya gwada nan, ya gwada can. Ya ɗauke hannu.

Ya ce, "Ka ci, Ɗanliti. Barka."

Malam Ɗanliti ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne. Ya sunkuya ya duba. Na ga dariyar tana barin fuskarsa.

"A'a. A'a, akwai hanya. Duba dai sosai, Madu. Aina'u, nuna masa."

Na kawar da kaina daga allon.

"To ai kuskure na yi, ba nan na yi niyya ba." Ya kai hannu zai janye sarauniyar. Baba ya riƙe masa wuyan hannu.

"An taɓa an tafi. Ka ci. Ka ji daɗinka mana."

Malam Ɗanliti ya tashi ya ce ya tuna bai ɗaure akuya ba. Ya fita ya bar hularsa a tabarma. Na bi shi da ita. Na same shi bayan rumbunmu, ya jingina goshi da bango, kafaɗunsa suna rawa. Dattijo mai jikoki.

Na ce, "Baba Ɗanliti, ga hularka."

Bai juyo ba. Ya ce, "Tun gashina yana baƙi nake roƙon Allah ya nuna mini ranar nan. Ba irin wannan na roƙa ba, 'yata. Wallahi ba irin wannan ba."

Na tsaya riƙe da hular har ya gama.

Lahadi, 1 ga Satumba, da safe

Najib ya zo jiya, ya koma yau. Baba ya karɓe shi da fara'a, ya yi ta yi masa sannu da zuwa, amma bai kira sunansa ba ko sau ɗaya. Na lura, Najib ma ya lura.

Na raka shi bakin hanya. Ya ce, "An kusa komawa makaranta." Na ce na sani. Ya ce, "Zan je in ga shugabar taku. Ki zauna." Ya so ya ƙara wani abu, sai ya gyara mini mayafi kawai ya hau babur.

Talata, 3 ga Satumba, bayan la'asar

Allah ya yafe mini.

Baba ya ɗauki doki ya tafi da shi a karkace, tun daga wannan gefe har wancan, irin tafiyar limami. Na ce a'a, Baba, na mayar masa. Ya sake. Na mayar. Ya sake. Sai na ji muryata ta fita da ƙarfi har kaji suka watse: "Doki ba ya tafiya haka! Kai ka koya mini!"

Ya janye hannunsa ya ɗora a cinya. Ya ce, "Yi haƙuri, Malama. Ban iya ba sosai."

Malama.

Laraba, 4 ga Satumba, da azahar

Inna ta ce in ci abinci.

Alhamis, 5 ga Satumba, da yamma

Na zauna kusa da Inna tana ɓarar gyaɗar bara. Na ce mata ba zan ƙara sauko da allon ba, cutar da shi nake yi.

Ta ce, "Ni ban san wasanku ba. Shekara da shekaru ina ganinku kun sunkuya a kan katako kamar masu tsintar tsakuwa a shinkafa. Amma da la'asar ta yi, can yake kallo, wajen kwaba. Ko jiya sai da ya kalla."

Na ce, "Inna, bai san ni ba ranar Talata."

Ta ci gaba da ɓara. Can ta ce, "Ni tun makon jiya."

Ban sani ba. Ina gidan, ban sani ba.

Juma'a, 6 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Malam Ɗanliti bai zo ba. Baba ya sa Inna ta shimfiɗa tabarma ta biyu. Duk wanda ya yi sallama a zaure sai ya ɗaga kai.

Lahadi, 8 ga Satumba, da hantsi

Na je na sami Malam Ɗanliti a gona. Sun fara girbin gero, yana tsaye yana nuna wa masu aiki inda za su jera dami. Da ya hango ni ya taho da sauri, fuskarsa duk ta canja. Na ce lafiya lau, ba abin da ya faru.

Muka tsaya a inuwar gawo. Na ce, "Ya jira ka ranar Juma'a."

Ya ce, "Ba zan iya ba. Idan na sake ci fa? Ni ko bar masa wasan ban iya ba. Ban san wanne ne daidai ba balle in yi kuskuren da gangan."

Na yi dariya ban shirya ba. Shi ma ya yi, yana share ido da bakin riga.

Na ce, "To ka zo ka yi da ni. Shi ya zauna ya kalla."

Ya dube ni a karkace. "Ke? Ke da ba ki da haƙuri da irinmu? Kina ƙarama ma idan ina wasa da Madu tashi kike yi ki bar wurin."

Na ce, "Har yanzu ba ni da shi. Ka zo dai."

Ya ce sai ya gama ɗaurin damin nan. Ya cika mini mayafi da sabuwar gyaɗa in kai wa Inna ta dafa.

Laraba, 11 ga Satumba, bayan la'asar

Na sauko da allon. Ba mu yi wasa ba. Baba ya jera sojoji fari da baƙi a layi ɗaya, ya sa dawakai huɗun a gaba, ya ce in riƙe masa sarakunan kada su faɗi. Na riƙe. Mun daɗe a haka. Ban ji haushi ba, ban san dalili ba. Hannunsa yana da ɗumi.

Juma'a, 13 ga Satumba, kafin magariba

Malam Ɗanliti ya zo, da sabuwar hula.

Inna ta dafa gyaɗa ta kawo a faranti. Muka sa allon a tsakiya, ni da Malam Ɗanliti, Baba a gefe ya jingina da darbejiya, an sa masa matashi.

Kamar kullum, dawakai suka fito a guje, har da kukan. Na yi niyyar in ja wasan ya daɗe, amma da Malam Ɗanliti ba ka bukatar niyya. Shi yake daɗewa. Ya dafe kai, ya ci gyaɗa, ya ba mu labarin kuɗin taki, ya kai hannu ya janye. Na sa hannuwana biyu a ƙarƙashin cinya na jira.

Sai ya ɗauki dokinsa zai ajiye a gefen allo, inda ba shi da wani amfani. Muka ji tsaki daga gindin bishiya.

"Ɗanliti, Ɗanliti. Sau nawa zan gaya maka? Doki a bakin bango jaki ne."

Malam Ɗanliti ya tsaya da dokin a sama. Ya ce, "To ina zan kai shi, gwani?"

"Ni zan gaya maka? Kai dai ba za ka taɓa iyawa ba."

Ban taɓa ganin mutum ya ji daɗin zagi kamar yadda Malam Ɗanliti ya ji yau ba. Ya ajiye dokin a bakin bangon dai, don ya san ba shi da wata dabara.

Daga nan na daina ja. Na yi wasa yadda aka koya mini. Na ba shi soro kyauta, ya ɗauka da murna yana cewa yau kam na shiga hannu. Na ba shi limami, ya ɗauka. Sai na shigar da sarauniya ta bayan sojojinsa, doki ya rufe ɗaya gefen. Ya yi ta dube-dube, ya ce, "Kai! Daga ina?"

Baba ya matso har gwiwarsa ta taɓa allon. Ya bi hanyar da yatsa, daga inda soron ya faɗi har inda sarkin ya maƙale. Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ɗago ya dube ni, da irin ladabin da yake yi wa baƙi.

"Yarinya, kin iya. Tun daga soron nan kika haƙa masa, ko?"

Na ce e.

"Wa ya koya miki?"

Malam Ɗanliti ya buɗe baki. Na girgiza masa kai.

Na ce, "Babana."

"Ɗan ina ne?"

"Ɗan nan garin ne. Manomi ne."

Ya yi murmushi, ya koma ya jingina. Ya ɗauki gyaɗa ɗaya ya ɓare, ya miƙo mini ƙwayar a tafin hannunsa.

Ya ce, "Ya iya koyarwa. Idan kin koma gida ki gaishe shi."

Na karɓi gyaɗar. Na ce, "Zai ji."